Tambayoyi da Amsoshi a Kan Besbol: Adawar Yankees da Red Sox, Jerin 'Yan Wasa, da Riƙon Lig ɗin Fantasi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sabbin masu bin wasan besbol na Amurka suka fi maimaitawa, musamman waɗanda suka taso da kallon ƙwallon ƙafa ta Turai, sai karatu ko aiki ko wani aboki ya ja su cikin wannan wasa. Abubuwa uku ake ta tambaya a kai, kuma ukun a ɗaure suke da juna. Yawancin gabar da ke tsakanin magoya baya daga shawarar da aka yanke a ofis ta samo asali, shi kuma fantasi, wato gasar abokai inda kowa ke kafa ƙungiya da sunayen 'yan wasan gaske, kujerar wannan ofis ɗin yake ɗora mutum a kai.

Ban san komai a besbol ba. Me zan fara riƙewa?

Ƙungiyoyi biyu ne. Ɗaya tana jifa da tsaro da mutum tara a fili, ɗaya tana bugu. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya nemi make ta da sanda, in ya samu sai ya ruga ya bi tashoshi uku ya dawo inda ya fara, wato gida. Duk wanda ya kewayo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da zarar an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya. Zagaye tara ake yi, kuma ba a tashi canjaras. In an yi kunnen doki sai a yi ta ƙara zagaye har a sami gwani. Idan mai bugu ya doka ƙwallo ta tsallake katangar fili, shi ne homron, shi da duk abokansa da ke kan tashoshi su taka zuwa gida ba mai tare su.

Babbar gasar ita ce MLB, mai ƙungiya 30, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. An kasa su gida biyu, American League da National League, kowane da rukuni uku masu ƙungiya biyar-biyar. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Ƙungiya 12 ke kaiwa wasannin fidda gwani na Oktoba, a ƙare da World Series, inda wadda ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai take ɗaukar kofi. Babu faɗawa ƙaramar gasa, ko da ƙungiya ta ƙare a ƙarshen teburi. Ka riƙe wannan lamba ta 162, domin ita ce dalilin yawancin abin da za ka karanta a ƙasa.

Daga ina gabar Yankees da Red Sox ta samo asali?

Daga cinikin mutum ɗaya. Kafin 1920 Boston Red Sox ce babba: ta ci World Series sau biyar, a 1903, 1912, 1915, 1916 da 1918, alhali New York Yankees ba ta taɓa ɗagawa ba. A Disamban 1919 mai ƙungiyar Boston, Harry Frazee, ya sayar wa Yankees da Babe Ruth a kan dala 100,000. Ruth ya buga homron 29 a shekararsa ta ƙarshe a Boston. Da zuwansa New York ya buga 54 a 1920, ya kai 60 a 1927. Yankees ta ci kofinta na farko a 1923, daga nan ba ta waiwaya ba, yau tana da 27. Ita kuwa Boston sai da ta yi shekara 86 ba kofi, abin da mutanen can suka riƙa kira tsinuwar Bambino, da laƙabin Ruth.

Ga kuma kusanci. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 350 ne, rukuninsu ɗaya, kowace shekara sai sun yi ta haɗuwa. A jihar Connecticut da ke tsakaninsu, gida ɗaya kan rabu biyu, uba na nan ɗa na can.

Waɗanne wasanni ne magoya bayansu ba sa daina ambato?

Uku ne, kuma wanda bai san su ba zai zauna shiru a duk hirar da aka yi. Na farko 1978. A watan Yuli Boston ta ba Yankees tazarar wasa 14, amma kafin kaka ta ƙare an kamo ta, aka yi wasa ɗaya na raba gardama a filin Fenway Park ranar 2 ga Oktoba. Bucky Dent, wanda homron huɗu kacal ya buga duk kakar kafin wannan rana, shi ya ɗaga ƙwallo ta haye doguwar koriyar katangar filin. Yankees ta ci 5 da 4.

Na biyu 2003, wasa na bakwai na fidda zakaran American League. Boston na gaba da 5 da 2 a zagaye na takwas, gwaninta Pedro Martinez ya gaji, kowa na gani. Koci Grady Little ya taka har wurinsa, suka yi magana, ya juyo ya bar shi a fili. Yankees ta farke, sannan Aaron Boone ya buga homron a zagaye na 11. Little bai sake jagorantar Boston ba. Boone kuwa shi ne kocin Yankees tun 2018.

Na uku, wanda ya wanke duka, 2004. Yankees ta ci wasa uku na farko, na ukun ma da ci 19 da 8. A wasa na huɗu tana gaba da 4 da 3 a zagaye na tara, ga Mariano Rivera, wanda ba a taɓa yin mai rufe wasa kamarsa ba, wato mai jifan da ake sakawa a zagayen ƙarshe don ya tsare nasara, yana jifa. Kevin Millar ya sami tafiya kyauta zuwa tasha ta farko, aka cire shi aka sa Dave Roberts don gudu kawai. Sau uku Rivera yana wurga ƙwallo tasha ta farko don ya tsare shi, Roberts na komawa da rub da ciki. Da jifa ta gaba ya zabura, ya isa tasha ta biyu da ƙyar, hannunsa ya riga ƙwallo da ƙiris. Bill Mueller ya bugo shi gida, David Ortiz ya ƙare wasan da homron a zagaye na 12. Boston ta ci huɗu a jere, abin da ba wata ƙungiya da ta taɓa yi a MLB bayan an ci ta uku ba ko ɗaya, sannan ta share St. Louis Cardinals ta ɗauki kofi. Yadda Roberts ya zo Boston yana cikin amsar da ke magana a kan musayar 'yan wasa.

Har yanzu adawar tana da zafi kamar da?

Ta ragu, ba ta mutu ba. Boston ta ƙara cin kofi a 2007, 2013 da 2018, don haka ɗacin nan na wanda aka daɗe ana dannewa ya tafi. Yankees ce ma yanzu ke jin ƙishi, rabonta da kofi tun 2009, kuma Los Angeles Dodgers ta doke ta a World Series na 2024. Tun 2023 kuma sau 13 Yankees da Boston suke haɗuwa a kaka maimakon 19. Amma duk sanda Oktoba ta haɗa su abin yana dawowa ɗanye: Boston ta fitar da Yankees a 2018 da 2021, Yankees ta rama a 2025. Da MLB ta tashi kai wasa Turai karon farko a 2019, su biyun ta kai Landan, filin West Ham.

Ba su kaɗai ba ne. Dodgers da Giants sun fara tasu a New York, suka ƙaura California tare a 1958, suka tafi da ita. Chicago Cubs da Cardinals ma tsofaffin abokan hamayya ne. A cikin New York kanta, tafiyar Juan Soto daga Yankees zuwa Mets a Disamban 2024, a kan dala miliyan 765 na shekara 15, ta hura wata wutar.

Ni mai goyon bayan Liverpool ne. Akwai ƙungiyar da ta dace da ni?

Akwai. John Henry da abokansa sun sayi Red Sox a 2002, suka sayi Liverpool a 2010, duka a ƙarƙashin Fenway Sports Group. Todd Boehly na Chelsea yana cikin masu Dodgers. Yankees kuma ta haɗa hannu da masu Manchester City wajen kafa New York City FC. Hular nan mai NY da ake gani a kan matasa ko'ina, ta Yankees ce, filinta kuma yana Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa. Wannan duk hanyar shiga ce kawai. Shawarata ka kalli wasanni na wata guda tukun, ka ga wa zuciyarka ta kama, domin ƙungiyar da za ka bi sau 162 a shekara ba a zaɓar ta don sunan mai ita.

Mene ne jerin 26 da jerin 40 da ake ta ambato?

Jerin 26 su ne waɗanda koci zai iya sakawa a wasan yau, kuma masu jifa ba za su wuce 13 a ciki ba. A watan Satumba ana faɗaɗa shi zuwa 28. Jerin 40 ya haɗa waɗannan 26 da wasu da ƙungiya ta killace, yawanci suna buga wasa a ƙananan lig, za a iya kiransu kowane lokaci. Wanda ba ya cikin 40 ba zai hau babbar gasa ba sai an buɗa masa gurbi, buɗa gurbi kuwa cire wani ne. Wanda ya ji rauni ana sa shi jerin masu jinya: kwana 10 ga mai bugu, 15 ga mai jifa, ko kwana 60 in abin ya yi tsanani, wanda shi kaɗai ke sakin gurbi a cikin 40.

Gurbi a jerin 40 yana da tsada saboda wani zaɓe da ake yi kowane Disamba, mai suna Rule 5. Matashin da ya kwashe wasu shekaru a ƙananan lig ba a sa shi cikin 40 ba, wata ƙungiya na iya ɗauke shi a kan dala 100,000, da sharaɗin ta riƙe shi a babbar gasa duk kakar, in ba haka ba ta mayar. Ta wannan ƙofa Boston ta ɗauke mai jifa Garrett Whitlock daga hannun Yankees a Disamban 2020, ya kuma zama ɗaya daga cikin amintattunta.

Me ya sa ake mayar da ɗan wasa ƙaramar lig alhali yana ƙoƙari?

Sau da yawa ba laifinsa ba ne, takardarsa ce ta ba da dama. Kowane ɗan wasa da ke cikin jerin 40 yana da shekaru uku da za a iya saukar da shi a kuma hawo da shi ba tare da wata ƙungiya ta sa baki ba, sai dai ba fiye da sau biyar a kaka ba. Idan shekarun nan sun ƙare, ba a saukar da shi sai an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi 29, kowace na iya ɗauka. Saboda haka in ƙungiya na bukatar sabon hannu yau, matashin da ke da sauran dama shi za a tura ƙasa, a bar wanda bai kai shi ba don gudun asara. In kuma ka ji an ce an yi wa wani DFA, an cire shi daga 40 ke nan, ƙungiya tana da kwana bakwai ta yi musayarsa ko ta tallata shi.

Akwai dalili na biyu, wanda ba shi da daɗin ji. Kwana 172 a babbar gasa su ne shekara ɗaya ta aiki. Sai ɗan wasa ya tara shekara shida yake da 'yancin zuwa inda ya ga dama. A 2015 Cubs ta riƙe Kris Bryant a ƙaramar lig har 17 ga Afrilu, ya ƙare kakar da kwana 171, saura ɗaya. Wannan kwana ɗaya ya ba ƙungiyar ƙarin shekara guda a kansa. Ya kai ƙara, bai yi nasara ba. Doka ta yarda, amma a ganina zalunci ne a kan yaro da guminsa, kuma mai fantasi dole ya san da shi, kamar yadda amsar sakin ɗan wasa za ta nuna.

Me ya sa ba a jin kuɗin sayen ɗan wasa kamar a Turai?

Domin a nan mutum ake bayarwa a karɓi mutum. Ƙungiya ta ba da ɗan wasa da kwantiraginsa yadda yake, ta karɓi wasu, galibi matasa masu tasowa. Yawancin 'yan wasa ba a neman yardarsu, sai wanda ya rubuta hakan a kwantiragi, ko wanda ya shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Ana rufe kasuwa a wajen ƙarshen Yuli, a lokacin kowace ƙungiya take yanke wa kanta hukunci: in tana ganin kofi ta sayi gogaggu da matasanta, in ta yanke ƙauna ta sayar da gogaggu ta tara matasa. Da yake ba a faɗawa ƙasa, sayarwar ba ta da haɗari ga masu ƙungiya, magoya baya ne ke shan wahalar kallon watanni biyu na banza.

Ranar 31 ga Yulin 2004 Theo Epstein, matashin da ke riƙe da ofishin Boston, ya rabu da Nomar Garciaparra, ɗan wasan da garin ya fi ƙauna, ya tura shi Cubs don ya gyara tsaro. Mutane sun fusata. A wannan ranar dai ya karɓo Dave Roberts daga Dodgers, cinikin da kusan ba wanda ya kula da shi. Shi ma Boone ranar rufe kasuwar 2003 Yankees ta karɓo shi daga Cincinnati. Bayan homron ɗinsa ya ji rauni a gwiwa wajen wasan kwando, gurbin da ya bari shi ya kawo Alex Rodriguez New York a Fabrairun 2004, watanni biyu bayan cinikin Boston da shi ya wargaje.

To me ya sa Red Sox ta saki Mookie Betts da Rafael Devers?

MLB ba ta ƙayyade albashi ba, amma ta sa haraji a kan ƙungiyar da jimillar albashinta ya wuce wani mizani, kuma harajin na ƙaruwa ga mai maimaitawa. A 2020 mizanin dala miliyan 208 ne. Betts, gwarzon ɗan wasan American League na 2018, saura masa shekara ɗaya ya sami 'yanci. A Fabrairun 2020 Boston ta tura shi Dodgers tare da David Price, ta karɓi Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong, ta sauko ƙasa da mizani. Dodgers ta ba shi dala miliyan 365 na shekara 12, ya ci kofi da ita a shekarar, ya ƙara a 2024 da 2025. Boston ta ƙare a ƙarshen rukuni a 2020, 2022 da 2023. Ƙungiya mai arzikin Boston ba ta da hujjar sakin irin wannan ɗan wasa da ta rena da hannunta, kuma ba mamaki da tsofaffin garin suka tuna da Ruth.

Na Devers daban ne. Yana da kwantiragin shekara 10 na sama da dala miliyan 313. Da aka kawo Alex Bregman a 2025 aka karɓe masa tsaron tasha ta uku, aka ce ya yi bugu kawai. Daga baya aka ce ya koma tasha ta farko, ya ƙi, ya fito fili ya faɗi ɓacin ransa. Ranar 15 ga Yuni ya buga wa Yankees homron a Fenway, kafin dare an tura shi San Francisco Giants.

Mene ne fantasi na besbol, kuma ina ya bambanta da na Firimiya?

Abokai ne, galibi 10 ko 12, kowa ya kafa ƙungiya da 'yan wasan gaske, abin da suka yi a fili shi ne makinsa. Daniel Okrent da abokansa suka tsara shi a 1980, suna haɗuwa a wani gidan abinci na New York mai suna La Rotisserie Française. Yau ana yin sa kyauta a Yahoo, ESPN da Fantrax.

Babban bambanci biyu ne. A na Firimiya mutum miliyan na iya riƙe ɗan wasa ɗaya. A nan in wani ya ɗauki Aaron Judge na Yankees, shi ke nan, ba ka samun sa sai ta musaya. Na biyu, ba mako-mako ba ne. A yawancin lig kullum ake gyara jeri, wata shida cur.

Wane tsarin maki ya fi dacewa da sabon shiga?

Tsohon tsari, wanda ake kira roto, yana auna fanni goma. Biyar na masu bugu: makin da suka ci, homron, abokan da suka bugo gida, tashar da suka sata kamar yadda Roberts ya yi a 2004, da matsakaicin bugu, inda .300 ke nufin gwani, .250 kuma tsaka-tsaki. Biyar na masu jifa: nasara, rufe wasa, yawan masu bugun da suka fitar da jifa uku da aka kasa bugawa, ERA wato makin da ake cin su a kowane zagaye tara, da WHIP wato yawan masu bugun da suke bari su kai tasha a kowane zagaye. A lig mai mutum 12, na ɗaya a kowane fanni ya sami 12, na ƙarshe 1, a tara a ƙarshen kaka. Shi ya fi adalci, amma wanda aka bari a baya tun Yuni yakan karaya.

Tsari na biyu kai da mutum ɗaya ne kowane mako, ko a kan fannonin nan ko a kan jimillar maki, a ƙare da fidda gwani a Satumba. Sa'a ta fi yawa a ciki, amma kowane Litinin sabon fata ne, kuma tsokana tsakanin abokai ta fi armashi. Sabon lig ya fara da wannan.

Yaya zan shirya wa ranar zaɓe?

Ka fara sanin salon da za a bi. A salon maciji, wanda ya zaɓa na farko a zagayen farko shi ne na ƙarshe a na biyu. A salon gwanjo kowa na da kuɗin wasa, bisa al'ada dala 260, ana taya kowane ɗan wasa. Ko wanne ne, zaɓinka na farko-farko su zama masu bugu da ke fita kullum, domin hannun mai jifa yana iya lalacewa rana ɗaya, tiyatar gwiwar hannu kuma ta ci shekara guda ko fiye. Kada ka ƙona babban zaɓi a kan mai rufe wasa, aikin da ake ƙwacewa sau da yawa kafin kaka ta yi rabi.

Ka duba filin gidan kowa. Coors Field na Denver yana kan tudu mai kimanin mita 1,600, ƙwallo na tafiya nesa, alheri ga mai bugu, masifa ga mai jifa. A Yankee Stadium katangar dama gajeriyar tafiya ce, bahagon mai bugu na jin daɗinta. Sannan ka bincika yadda dandalinku ke lissafa Shohei Ohtani, mai jifa kuma mai bugu, wanda ya buga homron 54 ya saci tasha 59 a 2024. Yahoo ta raba shi mutum biyu, ESPN ta bar shi ɗaya, darajarsa ta bambanta sosai.

Ni ɗan Red Sox ne na gani-kashe-ni. In Aaron Judge ya faɗo hannuna, in ɗauka?

Ɗauka. Mutumin da ya buga homron 62 a 2022, ya karya tarihin Roger Maris na 61 da ya tsaya a American League tun 1961, ba a ƙyale shi don riga. Ɗaukarsa ba ya rage komai a son da kake wa ƙungiyarka; ranar da suka haɗu kana iya fatan ya buga nasa guda, Boston ta ci wasan. Akwai waɗanda ba za su iya ba, zuciyarsu ba ta yarda su yi murna da ɗan Yankees ko na daƙiƙa ɗaya, kuma ina ganin girman wannan. In kana cikinsu, ka ɗauke shi duk da haka, ka kai wa ɗan Yankees na lig ɗinku, zai biya ka fiye da kima. Haɗarin da ya fi wannan shi ne cika jeri da 'yan ƙungiyarka: makon da ta shiga mawuyacin hali, ka sha kashi biyu.

Yaushe zan saki ɗan wasan da ya daina ƙoƙari, kuma wa zan ɗauko?

Ba a Afrilu ba, in dai gwani ne da ya daɗe yana nuna kansa. Mako biyu cikin wasa 162 ba ya nuna komai, gwanaye kan yi kwana goma ba su taɓa ƙwallo da kyau ba. Abin dubawa shi ne ko ƙungiyarsa ta gaske ta canza masa matsayi: an mayar da shi ƙasan jerin bugu, an fara zaunar da shi in bahago ne ke jifa, ko saurin jifarsa ya ragu. Wannan shi ne lokacin saki.

Wajen ɗauka, labarin ofisoshin gaske ya fi teburin maki amfani. In an sa wani jerin masu jinya na kwana 60, wani zai gaji gurbinsa na watanni. In ƙarshen Yuli ya matso, ƙungiyoyin da suka yanke ƙauna za su sayar da masu rufe wasansu, mataimakansu su hau. Ka riga kowa ɗaukar mataimakin. In an riƙe fitaccen matashi a ƙasa saboda lissafin kwanaki, kamar na Bryant, ka ajiye shi kafin a kira shi. Inda lig ɗinku ke raba sababbin 'yan wasa ta hanyar tayi a ɓoye, da dala 100 na wasa ga kowa duk kaka, kada ka ƙarar kafin Yuni, kada kuma ka kai Satumba da rabinsu a aljihu.

Ina Najeriya ko Nijar. Bambancin lokaci ba zai kashe ni ba?

Wasan ƙarfe 7 na yamma a New York ko Boston yana farawa ƙarfe 12 na dare a Kano ko Yamai, na California kuwa ƙarfe 3 na dare. Mutanen Gana su rage awa ɗaya. Amma ga mai fantasi wannan riba ce. Da safe duk sakamako ya fito, kana da yini guda ka gyara jeri kafin a fara wasa. Sai dai ka kula da ranakun Lahadi da wasu ranakun Laraba da Alhamis, da ake wasan ƙarfe 1 na rana a can, wato 6 na yamma a nan. Ka kammala kafin la'asar ta yi sanyi. Waɗannan ne ma wasannin da za ka iya kallo ba tare da ka raba dare ba, kuma tun da aka sa agogon da ke ƙayyade lokacin jifa a 2023 wasa ba ya cika wuce awa biyu da minti arba'in.

An naɗa ni shugaban lig. Me zan yi tun farko?

Ka rubuta dokoki kafin ranar zaɓe, kowa ya karanta ya amince: yawan gurbin masu jinya da wanda ya cancanci shiga, ranar rufe musaya, yadda za a raba kunnen doki, da abin da za a yi wa wanda ya watsar da ƙungiyarsa. Kada ka canza doka a tsakiyar kaka ko da ta bayyana ba ta yi ba, sai in kowa da kowa ya yarda. Wanda ke ganin wannan wasa ne kawai ya tuna Mayun 2022, lokacin da Tommy Pham na Cincinnati ya mari Joc Pederson na Giants a fili kafin wasa, a kan saɓanin gurbin masu jinya a lig ɗinsu na fantasin ƙwallon Amurka. An dakatar da Pham wasa uku, ya kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan shugaban lig ɗin, Mike Trout.

Wajen musaya, kada ka soke ciniki don kawai kana ganin an cuci wani. Kowa da lissafinsa, kuma amsoshin da ke sama sun nuna cewa cinikin da aka yi wa dariya a Yuli yana iya kawo kofi a Oktoba. Abin sokewa shi ne haɗin baki, kamar wa ya kwashe gwanayensa ya ba ƙanensa don shi ya riga ya fita. In cinikin naka ne, ka ba wani amintacce ya duba, kada ka zama alƙalin kanka.

Wani ya daina taɓa ƙungiyarsa tun Yuli. Yaya zan yi da shi?

Lig kamar adashi yake, in ɗaya ya daina zubi kowa ya ji a jikinsa: duk wanda ya haɗu da shi ya ci nasarar banza, teburi ya karkace. Ka fara kiransa kai da shi, ba a cikin taron WhatsApp ba, domin mai yiwuwa rashin lafiya ce ko hidimar gida. In ba zai iya ci gaba ba, ka nemi wanda zai karɓa. In ba a samu ba, ka sanar da kowa cewa kowane Litinin za ka jera masa lafiyayyun 'yan wasansa bisa matsayin da dandali ya ba su, ba ɗauka ba musaya. Don rigakafi, wasu lig suna barin kowa ya riƙe 'yan wasa uku ko biyar zuwa baɗi, ta yadda wanda ya fita daga takara yana da abin ginawa.

Sai an sa kuɗi ne lig yake daɗi?

A'a. Lig ɗin da kowa zai zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, malamai da yawa suna lissafa shi cikin caca, wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa kafin ya shiga. Manyan dandalin da aka ambata duk suna da tsarin kyauta, ba a rage masa komai ba. Kuɗi kuma shi ke mayar da ƙaramin saɓani a kan gurbin masu jinya ya zama gaba tsakanin abokai. In ana son abin da zai sa mutane su dage har Satumba, a ba zakara ikon zaɓar lambar da yake so a zaɓen baɗi, na biyu ya bi masa, a yi haka har zuwa na ƙarshe, ta yadda ko mai matsayi na tara yana da dalilin ƙoƙarin zama na takwas.